Masu Gida a kan Mota: Neman Rezo a Hamadar Arizona

Masu karatu, manoma da makiyaya, labarin wannan wata ya fito daga nesa, daga ƙasar Amurka. A can akwai mutanen da suke kwana cikin mota, su dafa abinci cikin mota, su yi wanka cikin mota. Motar ita ce gidansu. Tana da gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da makewayi. Wata tana da injinta, tana tafiya da kanta. Wata kuwa ɗaki ce mai ƙafafu, sai an ɗaura ta bayan wata mota an ja. Amurkawa suna kiran irin wannan mota da haruffa biyu, RV. Da Hausa sai a ce motar-gida.

Masu ita ba kaɗan ba ne. A shekarar 2021 ƙungiyar masu ƙera ta ta ce iyalai fiye da miliyan 11 suna da ita. Mafi yawansu yawon hutu suke fita da ita, su komo gida. Amma akwai waɗanda ba su da wani gida sai ita. Wasu tsofaffi ne da suka yi ritaya, suka sayar da gida don su ga ƙasa. Wasu kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu. Wasu kuma ma'aikata ne, aikinsu cikin kwamfuta yake, ko ina suka tsaya nan ne ofis.

Duk inda mai motar-gida zai sauka, abu uku yake tambaya. Akwai ruwa? Akwai mai? Akwai rezo? Ruwa da mai ana zuba su a tanki a tafi da su. Rezo kuwa ba shi da tanki. Sai a inda aka same shi ake amfani da shi. Wannan labari yana bin hanya guda a jihar Arizona, don a ga yadda waɗannan matafiya suke riƙe da wayar salula da intanet cikin daji.

GARIN DA RIJIYA TA KAFA

Arizona tana kudu maso yammacin Amurka, tana iyaka da ƙasar Meksiko. Babban birninta Finiks. In aka fita Finiks aka bi babbar kwalta mai lamba 10 zuwa yamma, bayan kilomita wajen 200 sai a iso wani ƙaramin gari. Ana rubuta sunansa Quartzsite, ana faɗinsa Kwatsayit. A nan hanya mai lamba 10 ta gitta hanya mai lamba 95, wadda ta yi kudu zuwa birnin Yuma.

Ƙasar wurin tsakuwa ce shimfiɗe, da duwatsu baƙaƙe gabas da yamma. Itatuwa ƙanana ne masu ƙaya, suna bin bakin ƙoramu busassu. Akwai wani tsiro mai ƙaya da ake kira saguwaro, ba shi da ganye, yana miƙewa sama har ya fi ɗaki tsawo. Ruwan sama na shekara duka bai cika wuce milimita 100 ba. Da bazara zafi yakan kai digiri 45. Da hunturu kuwa rana tana da daɗi, dare yana da sanyi.

Asalin garin rijiya ne. Tun wajen shekara 160 da suka wuce matafiya masu keken doki suke yada zango a nan su sha ruwa, su shayar da dabbobi. Sunansa na farko ma Rijiyoyin Taisan, da sunan mutumin da ya fara zama wurin.

Baƙo yana shiga garin zai ga hoton raƙumi a allon maraba. Ga dalili. A 1856 da 1857 sojan Amurka sun sayo raƙuma fiye da 70 daga ƙasashen gabas, don su gwada su da kaya cikin hamada. Sun zo da masu kiwonsu. Ɗaya sunansa Haji Ali. Bakin Amurkawa bai iya sunan ba, suka mai da shi Hai Joli. Raƙuman sun yi aiki, amma yaƙin basasa ya tashi a 1861, aka bar maganar. Haji Ali ya zauna ƙasar har ya rasu a Kwatsayit a 1902. A 1935 hukuma ta gina masa kabari na duwatsu mai tsini, ta ɗora siffar raƙumi ta ƙarfe a bisa. Har yau baƙi suna zuwa gani.

Ƙidayar 2020 ta sami mutum 2,413 mazauna garin. To, amma daga Nuwamba sai motoci su fara kwararowa daga jihohin arewa da ƙasar Kanada, inda ƙanƙara take rufe ƙasa. Amurkawa suna kiran mutanen nan tsuntsayen ƙanƙara, don suna gudun sanyi su yi kudu kamar tsuntsu. Kafin hunturu ya ƙare, dubban ɗaruruwan mutane sun ratsa garin. A watan Janairu ake cika makil, lokacin babbar kasuwar duwatsun ado da ta kayan motar-gida.

Dajin da ya kewaye garin na gwamnati ne. Akwai wuraren da mutum zai sauka kyauta, kwana 14, sa'an nan ya tashi. Kudu da gari akwai babban zango, La Fosa, fiye da eka dubu 11. Nan ana zama tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. A 2023 kuɗin takardar zaman watannin nan bakwai dalar Amurka 180 ne, watau wajen jaka 110 na sefa. Da wannan takarda mutum yana samun famfon ruwa da wurin zubar da shara. Wutar lantarki da rezo kuwa, kowa ya nemi nasa.

ME YA SA SUKE NEMAN REZO HAKA?

Mai karatu zai ce: wanda ya fita daji don hutawa, me zai yi da intanet? Amsa ita ce, a Amurka kusan kome ya koma cikin waya. Tsoho yana duba kuɗin fanshonsa a waya. A waya yake biyan inshorar mota. A waya yake ganin likita fuska da fuska, likita ya rubuta magani, ya aika wa kantin magani na garin da ya fi kusa. A waya yake ganin jikokinsa da ke nesa da shi tafiyar kwana uku.

Ga mai neman aiki abin ya fi haka. Da yawa cikinsu ƴan cin rani ne. Da damina suna tsaron wuraren saukar baƙi a gandun daji. A watan Oktoba wasu suna zuwa jihohin arewa aikin girbin wani rogo da ake yin sukari da shi. Duk waɗannan ayyuka a intanet ake shelarsu, a intanet ake cika takarda. Wanda ya kwana uku ba rezo, yana iya tarar da an ba wani. Tun 2020, da cutar korona ta rufe ofisoshi, masu aiki da kwamfuta daga nesa suka ƙaru ƙwarai. Irin wannan ma'aikaci in rezo ya yanke yana tsakiyar taro da maigidansa, abincinsa ne ya yanke.

Da can ba haka ba ne. A shekarun 1970 matafiyi yana da rediyon magana irin na direbobin manyan motoci, wanda ba ya wuce ƴan kilomitoci. In yana son gaida gida, sai ya tsaya gidan mai ya jefa kwabbai cikin wayar bakin hanya. Wasiƙa kuwa sai ta jira shi a gidan waya. A 1978 aka kafa wata ƙungiyar masu motar-gida mai suna Escapees. Tana da ofis a garin Libinston na jihar Teksas, inda take karɓar wasiƙun mutanenta, ta tara, ta aika musu duk garin da suka ce. Wannan aiki yana nan har yanzu, don takardar mota da katin banki ba su bi ta iska.

RIJIYA GUDA, GARKE DUBU

Yadda salula take aiki a Arizona haka take aiki ko ina. Waya tana magana da dogon ƙarfen rezo da ya fi kusa da ita. Ƙarfen ya miƙa maganar ga sauran duniya. In fili ne shimfiɗe, ƙarfe guda yana kai kilomita da yawa. In dutse ya shiga tsakani, ko mutum ya gangara kwari, sai rezo ya ɓace ko da ƙarfen yana kusa. Jikin motar ma yana tare shi, don sau da yawa da ƙarfe aka lulluɓe ta. Shi ya sa a zango za a ga mutum ya fito waje, ya hau tsanin bayan mota, ya ɗaga waya sama.

Manyan kamfanonin salula na Amurka uku ne: Verizon, da AT&T, da T-Mobile. Kowane da ƙarafansa. Suna kafa su inda mutane suke, watau birane da bakin manyan hanyoyi. Ƙarfe kuɗi ne mai yawa, ba a kafa shi inda ba mai biya. Saboda haka a yammacin Amurka akwai daji mai faɗi da ba kamfanin da ya kai.

Kwatsayit tana bakin babbar hanya, tana da ƙarafa. Matsalarta dabam ce. Ƙarfe kamar rijiya yake, yana da iyakar abin da zai bayar a lokaci guda. Rijiyar da take isar ƙauye, in garke dubu suka sauka kanta rana ɗaya, kowa sai ya jira, guga kuma ya fito da rabi. Haka ake yi a Janairu. Mutum ya dubi fuskar wayarsa, ya ga layukan rezo sun cika. Ya aika hoto, hoto ya tsaya. Ya buɗe intanet, abin ya yi ta juyawa. Layukan nan suna nuna ƙarfin muryar ƙarfe ne kawai. Ba su nuna yawan waɗanda suke layi a kansa.

Akwai kuma maganar yarjejeniya. Kamfani yakan sayar da intanet ya ce ba iyaka. Amma cikin ƙananan rubutu an ce in mutum ya ci mega kaza cikin wata, to, lokacin cunkoso za a sa shi bayan layi. Wanda ya sayi mai araha, shi ake fara mayarwa baya. Tsofaffin matafiya suna gaya wa sababbi: a karanta takarda duka kafin a sa hannu.

DABARUN ZANGO

Dabara ta farko, kada a dogara ga kamfani guda. Mai hali yana riƙe layi biyu, wani ma uku, na kamfani dabam dabam. In wannan ya mutu a kwarin nan, wancan yana iya kamawa. Akwai ɗan akwatin intanet da ake sa wa katin sim biyu. Shi yake zaɓen wanda ya fi ƙarfi, ya raba wa waya da kwamfuta cikin mota ta wifi. Miji da mata da yawa suna yin abin cikin sauƙi: shi ya ɗauki layin wannan kamfani, ita ta ɗauki na wancan.

Ta biyu, a ɗaga eriya. Ana ɗaura ta a rufin mota, ko a kan doguwar sanda mai shiga cikin juna, a juya bakinta wajen ƙarfe. Tsawon mita biyu ko uku yakan raba samu da rashi. In iska ta taso sai a sauke, don iskar hamada tana karya sanda.

Ta uku, akwatin ƙara ƙarfi. Yana da eriya a waje da ke kamo rezo mai rauni. Akwatin ya ƙara masa ƙarfi, wata ƙaramar eriya ta watsa shi cikin mota. Aikinsa kamar na lasifika ne. Mai magana a hankali, lasifika tana ɗaga muryarsa. In ba mai magana, lasifika ba ta da abin faɗi. Inda babu rezo ko kaɗan, akwatin nan ba ya haifar da shi. Inda cunkoso ne ya hana, shi ma ba ya magani. Mutane da yawa sun zuba kuɗi kafin su gane haka.

Ta huɗu ba ta cin ko dala. Ita ce sammako. Da asuba, kafin zango ya farka, ƙarfe ba kowa kansa. Wanda yake da takardu masu nauyi na aikawa, lokacin yake aika su. Da magariba kuwa, sa'ad da kowa ya zauna kallon fim a waya, ko gaisuwa da ƙyar take fita.

Ta biyar, a shiga gari. Ɗakin karatu na gari yana ba da wifi kyauta, haka wasu gidajen abinci da wuraren wankin tufafi. Talakan matafiyi yakan tara bukatunsa na mako. Ran da ya zo ɗiban ruwa da wanki, ran nan yake biyan bashi, ya nemi aiki, ya kira ƴaƴansa.

Ta shida, tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Kamfanoni suna da taswirar da ke nuna inda rezonsu ya kai, amma taswira ba ta san kowane kwari ba. Saboda haka matafiya suna rubuta wa juna labari a intanet: wuri kaza, layin kaza yana kamawa, layin kaza babu. Mai hankali kuma in ya iso sabon wuri ba ya sauke kaya tukuna. Yana gwada waya. In ba ta kama ba, ya matsa gaba kaɗan ko ya hau tudu, sa'an nan ya kafa zango.

FAIFAN DA KE KALLON SAMA

Daga 2022 wani sabon abu ya bayyana a zangon Kwatsayit. Gefen motoci da yawa akwai wani farin faifai mai kusurwa huɗu, a kan ƴar ƙafa, yana kallon sama. Wannan shi ne Starlink, na kamfanin SpaceX, wanda attajirin nan Ilon Mask ya kafa. Ba ruwansa da ƙarfen ƙasa. Da taurarin ɗan adam yake magana.

Intanet ta tauraro ba sabuwa ba ce. Amma taurarin da suna can nesa, wajen kilomita dubu 36 daga ƙasa. Magana tana daɗewa kafin ta je ta komo, faifan kuma babba ne mai wuyar saiti. Taurarin Starlink suna kusa, wajen kilomita 550. Ba su tsayawa wuri guda. Kowane yana kewaya duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi. In wannan ya wuce, wani ya iso, faifan ya koma kansa da kansa. An harba 60 na farko a watan Mayu 2019. A 2025 sun wuce dubu 7.

A watan Mayu 2022 kamfanin ya fito da tsari na musamman don masu motar-gida. A lokacin, faifan dalar Amurka 599 ne, fiye da jaka 350. Kuɗin wata kuma dalar Amurka 135, fiye da jaka 80. A 2024 aka fito da ƙarami, Starlink Mini, wanda yake shiga jakar goyo. Ga ma'aikacin kwamfuta wannan ya buɗe daji duka. Yana iya barin cunkoson bakin hanya, ya shiga can ciki inda ba kowa, ya yi aikinsa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Na ɗaya, faifan yana son sarari buɗe. Itace, ko gini, ko bangon dutse in ya tare masa sama, sai magana ta riƙa yankewa. A hamada wannan ba damuwa ba ce. A jihohi masu kurmi kuwa, da bazara, sai mutum ya zaɓa: ko inuwa, ko intanet. Wasu suna ajiye mota a inuwa, su ja doguwar igiyar faifan zuwa fili. Na biyu, ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi. Na uku, yana cin wuta. Babban faifan yana shan wat 75 zuwa 100, ƙaramin kuwa 25 zuwa 40. A daji ba kamfanin lantarki. Wuta daga farantin hasken rana take zuwa, ta shiga batir. Faranti guda mai wat 100 ba ya ciyar da babban faifan wuni guda, balle ga firji, ga fitila, ga cajin waya. Ke nan wanda ya sayi faifai sai ya ƙara faranti, ya ƙara batir. In hadari ya rufe rana kwana biyu, sai a kashe wani abu. Da yawa suna kashe faifan da dare don su tashi da wuta.

Saboda tsadar nan, ba kowa ke da shi ba. A zango guda za a ga babbar mota kamar bas, da faranti shida a rufi da faifai a gefe. Kusa da ita ga tsohuwar ƙaramar mota, mai ita yana da waya guda da layi guda. Sau da yawa mai faifan yakan ba maƙwabcinsa lambar sirrin wifi, kamar yadda ake ba maƙwabci wuta a murhu.

INDA WAYA TA YI SHIRU

In aka bar Kwatsayit aka bi hanya mai lamba 95 zuwa kudu, bayan kilomita wajen 30 akwai hanyar tsakuwa da ta yi gabas. Tana shiga gandun dajin Kofa, wanda aka keɓe a 1939 don kare tumakin dutse masu manyan ƙahoni. Duwatsun wurin ja ne, tsaye kamar bango. Cikin wani tsagin dutse akwai itatuwa dangin giginya da suka fito da kansu, abin mamaki a wannan ƙasa busasshiya. Matafiya suna son wurin don shirunsa. Amma yadda mota take ƙara shiga cikin duwatsu, haka layukan rezo suke raguwa. A wurare da yawa babu ko ɗaya.

A irin wannan wuri maganar ta wuce ta aiki da gaisuwa. A 2022, a jihar Nebada da ke maƙwabtaka da Arizona, wani dattijo da matarsa suna tafiya da motar-gida. Suka bi na'urar nuna hanya, ta kai su wata hanyar dutse. Motar ta kafe. Ba rezo. Suka rubuta saƙon neman taimako, saƙo bai fita ba. An fi mako ba a ji ɗuriyarsu ba. Da aka same su, mijin ya rasu, matar tana da rai. Labarin ya zagaya cikin masu motar-gida duka.

Ga abin da masu hankalinsu suke yi kafin su shiga inda ba rezo. Suna gaya wa wani ɗan'uwa inda za su, da hanyar da za su bi, da ranar da za su fito. In ranar ta wuce bai ji su ba, ya san inda zai ce a nema. Suna sauke taswira cikin waya tun suna gari, don ta yi aiki ba tare da rezo ba. Suna riƙe taswirar takarda kuma. In hanya ta fara lalacewa, suna tsayawa su juya, ko da na'ura ta ce a ci gaba. Suna ɗaukar ruwa fiye da na kwanakin da suka yi niyya. In mota ta kafe, shawarar masu ceto ita ce a zauna kusa da ita, don daga sama an fi ganin mota da mutum.

Akwai wasu abubuwa uku da suka sani game da waya. Rubutaccen saƙo yakan fita inda kira ba ya shiga, don abin da yake bukata kaɗan ne. Waya in tana neman rezo ba ta samu ba, tana shanye batir da sauri, gara a kashe ta, a kunna in an hau tudu. Sa'an nan a Amurka lambar neman ceto 911 ce. Doka ta ce kowane ƙarfe ya karɓi wannan kira, ko da mai kiran ba na kamfanin ba ne.

Wasu suna rataye wata ƴar na'ura kamar tafin hannu, irin su Garmin inReach. Tana aika gajeren saƙo ta tauraro, tana da maɓallin neman ceto da ke nuna daidai inda mutum yake. Daga Nuwamba 2022 wayoyin iPhone 14 suka fara aika saƙon ceto ta tauraro. A 2025 kamfanin T-Mobile ya fara aika rubutaccen saƙo ta taurarin Starlink zuwa wayoyi da yawa na hannun mutane. Duk da haka sai waya tana da caji, sai kuma tana ganin sama.

BAKIN IYAKA

Hanya mai lamba 95 tana kaiwa Yuma, kilomita wajen 130 daga Kwatsayit. Nan ƙasa ta canza. Kogin Kolorado yana shayar da gonaki kore shar. Mafi yawan salatin da Amurkawa suke ci da hunturu daga nan yake fitowa. Masu motar-gida suna cika Yuma su ma. Da yawa suna ajiye mota su taka da ƙafa zuwa wani ƙaramin garin Meksiko, Los Algodones, inda likitocin haƙori da kantunan magani suka fi araha.

A nan waya tana da wani hali. Iska ba ta san iyaka ba. Mutum yana zaune ƙasar Amurka, sai wayarsa ta kama ƙarfen Meksiko. In yarjejeniyarsa ba ta haɗa da ƙasar waje ba, kuɗi ya hau, ko layi ya ƙi aiki. Mutanen Ƙonni da Illela, da na Ɗan Isa da Jibiya, sun san wannan hali. Maganinsa guda ne can da nan: a shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu, a hana ta yawo.

TASHIN ZANGO

Daga watan Maris zafi yake fara sauka a Kwatsayit. Ana naɗe rumfa, a sauke eriya, a sa faifai cikin akwati. Motoci su kama hanyar arewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarshen Afrilu daji ya koma na iska da tsakuwa. Ƙarafan gari su huta, mazauna wurin su sami rezo yadda suke so har wata shekara.

Faifan nan da ake gani a Arizona ya iso Afirka. Ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023, a Nijar kuma a 2025. Wanda ya gan shi a kan rufin wani a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, to, shi ne dai. Halinsa bai canza ba: yana son sarari, yana cin wuta, yana cin kuɗin wata.

Makiyayin da zai yi arewa da damina ba ya tashi sai ya san rijiyar gaba, ya san wata in waccan ta ƙafe, ya cika salka, ya gaya wa na gida hanyar da zai bi. Masu motar-gida da suka daɗe a hanya haka suke yi da rezo. Suna tambaya kafin su tashi, suna riƙe hanya fiye da ɗaya, suna tattalin batir. In za su shiga inda waya ba ta magana, sai sun bar saƙo a baya. Duk matafiyin da ke ɗauke da salula a aljihu, wannan shawara tasa ce. Allah ya kiyaye hanya.